Bindiga Harbi Biyu Take Yi: Awon Ɗuri da Makomar Maharban Fadamar Haɗeja

Kalmar "harbi" tana cikin kalmomin da Bahaushe ya ɗora wa kaya mai nauyi. Maharbi yana harbi da kibiya, kunama tana harbi da ƙari, jaki da doki suna harbi da ƙafar baya, har cuta ma harbin mutum take yi. Da bindiga ta iso ƙasar nan, kakanninmu ba su wahalar da kansu wajen ƙago sabon aikatau ba, sai suka jingina mata wannan tsohon, sa'annan suka kira ɗan ƙarfen da ake ja da yatsa da sunan kunama. A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda kalma guda ta tattara ilmin abin gaba ɗaya, domin kuwa bindiga harbi biyu take yi a lokaci ɗaya: na gaba irin na kibiya, da na baya irin na jaki. Na gaba shi ake yi wa kirari a dandali. Na baya kuwa ba a cika zancensa ba sai ranar da ya targaɗa kafaɗa, ko ya fasa kunci, ko bututun ya tsage ya tafi da yatsu. A kan wannan harbi na biyu, wanda zan riƙa kira shuri, da kuma awon ɗurin da ke haifar da shi, nake son mu yi nazari yau, kuma na zaɓi fadamar Haɗeja ta zama ma'aunina.

Inda kalmomin suka fito

Duk mai son sanin hanyar da wani abu ya bi ya shigo cikin al'umma, to ya fara tambayar sunansa. Bindiga daga Larabci take, wato "bunduƙiyya", wadda tushenta ke nufin wani ɗan ƙaramin ɗan itace mai kama da ƙwallo, daga baya aka kira ƙwallayen da ake harbawa da sunansa. Albarushi daga "al-barud" yake, harsashi kuma daga "rasas", wato darma. Su ma masu jin Sawahili a gabashin Afirka cewa suke bunduki da baruti da risasi. Wannan ya nuna cewa ta Sahara da Barno muka fara jin ƙarar bindiga, kafin ta bakin teku. Limamin Barno, Ahmad bin Fartuwa, ya rubuta cewa Mai Idris Aloma yana da 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa tun ƙarni na 16. A ƙarni na 19 kuwa Sarkin Damagaram Tanimu har igwa ake ƙera masa a Zinder. Haɗeja, wadda ke zaune a bakin iyakar Daular Usmaniyya ta fuskar Barno da Gumel, ba baƙuwar wannan ƙara ba ce.

Sunayen da muka raɗa da kanmu su suka fi faɗin gaskiya. Mun ce bindigar toka, mun ce adaka, mun kuma ce harba-ka-ruga, sunan da ya bayyana ƙarara cewa harbi ɗaya gare ka, in ka kuskure sai ƙafa. Turawa suna danganta ta da mutanen Denmak, waɗanda suka yi fataucinta daga sansaninsu na Ankara a Gana ta yau. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, ta bar musu irin wadda ake ɗurawa ta baki. Daga nan ne aka daskarar da maharbinmu a fasahar da Turai ta riga ta yi wa bankwana.

Akwai wani darasi mai ɗaci a tarihin Haɗeja kanta. A shekarar 1884 wani mai ƙere-ƙere, Hiram Maxim, ya fito da bindigar da ke amfani da ƙarfin shurinta wajen fitar da kwanson harsashi ta ɗora wani, har ta riƙa zubo ɗaruruwa a minti guda. Irin wannan bindiga ce sojojin Gwamna Lugga suka riƙe lokacin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. A watan Afrilu na 1906 aka zo kan Haɗeja, inda Sarki Muhammadu, wanda tarihi ya laƙaba wa Mai Shahada, ya kwanta dama tare da ɗimbin jarumansa. Wato ƙarfin da mu muka ɗauka azaba ce kawai ta kafaɗa, wasu sun zauna sun auna shi, sun ɗaure shi, sun sa shi aiki, har suka ci ƙasarmu da shi.

Lissafin shuri

Ba sai mai karatu ya zama masanin kimiyya zai gane wannan lissafi ba. Tun 1687 Isaac Newton ya bayyana cewa kowane turi yana da martani daidai da shi ta ɗaya fuskar. Idan aka ninka nauyin abin da ya fita ta bakin bindiga da gudunsa, adadin da aka samu shi ne ke dawowa baya, sai dai jikin bindigar ya fi harsashin nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa take dawowa a hankali. Ƙa'idoji biyu ne suka fito daga nan. Ta farko, in aka ninka wancan adadi sau biyu, ƙarfin shurin sau huɗu yake ninkuwa. Ta biyu, in aka ninka nauyin bindigar sau biyu, ƙarfin shurin rabi yake komawa.

Mu ɗauki misali daga manyan bindigogin da ake farautar giwa da ɓauna da su a gabashi da kudancin Afirka. Harsashin .375 na kamfanin Holland & Holland, wanda ya fito a 1912, nauyin darmarsa kimanin giram 19 ne, yana gudun mita 760 a daƙiƙa. Na .416 Rigby na 1911 giram 26 ne a kan gudun mita 730. Na .470 Nitro Express kuwa giram 32 ne a kan mita 655. Wanda ya dubi gudu kaɗai zai ce na ƙarshen ya fi sauƙi, alhali in aka yi lissafi a bindigogi masu nauyi ɗaya, shurin .416 ya ɗara na .375 da fiye da rabi, na .470 kuma ya ninka shi. Dalilin ke nan da ya sa maƙeran Ingila ke yin bindigar .470 da nauyin da ya kai kilo 5, suna sane da cewa wahalar saɓa ta a kafaɗa ta fi sauƙi a kan wahalar harba ta da rashin nauyi. Ƙasashe irin su Tanzaniya sun sanya .375 a matsayin mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari dabba mai haɗari da shi, kuma ƙwararru da yawa suna ba baƙon maharbi shawarar ya tsaya a nan, saboda harsashi matsakaici da ya sami makasa ya fi ƙato da ya wuce ta gefe.

Kafin zuwan waɗannan, Turawan farauta ma ta baki suke ɗuri kamar maharbanmu. Frederick Selous, wanda ya yi farautar giwa a ƙasar da ake kira Zimbabuwe a yau cikin shekarun 1870, bindigarsa ƙwallon darma mai nauyin giram 113 take harbawa. Ya ba da labari a littafinsa na 1881 cewa wata rana ta ƙi tashi, mai ɗura masa bai sani ba ya ƙara wani ɗurin a kan na farko. Da ya ja kunama sai ta ɗaga shi ta yar, ƙotar ta farfashe, kuncinsa ya tsage. Ya kuma yarda cewa irin waɗannan bindigogi sun bar masa fargabar da ta shafi saitinsa har bayan ya daina riƙe su. Wannan fargaba ita ce babbar illar shuri. Jiki yakan koyi tsoro tun kafin zuciya ta sani, sai mutum ya riƙa rintse ido yana fizgar kunama, bakin bindiga ya kauce kafin harsashi ya fita.

Awon yatsa da tafin hannu

A lokutan da nake zagayen tattara kalmomi a ƙauyukan Guri da Kirikasamma da Auyo, na zauna da maharba da dama, kuma abin da na fahimta shi ne, ilmin ɗuri yana nan, amma a tafin hannu da yatsa yake zaune. Akan zuba albarushi a tafi a kimanta, a ɗura, a danna tsumma, a zuba ƙwayoyin darma, a sake dannawa, sa'annan a zura sandan ɗuri a ga yatsu nawa ya rage a waje. Dattawan cikinsu sun san ɗurin da ya dace da kirinjijiya, da wanda ya dace da dinya, wadda namijinta kan kai kilo 5 zuwa 6, da kuma wanda ake tanada domin mugun dawa. Na kuma ga hannun wani magidanci da yatsu uku kaɗai suka rage masa, kuma da na tambaya aka ce mini bindigar aro ya ɗura da awon tasa.

A nan matsalar take. Yatsa tsawo yake aunawa, alhali yawan albarushi ya dogara ga faɗin bututu. Bututu mai faɗin milimita 20 yana cin abin da ya ɗara na mai milimita 16 da fiye da rabi a kan awon yatsu iri ɗaya. Tafin dattijo ma ba ɗaya yake da na saurayi ba. Bugu da ƙari, bindigogin da ke hannun jama'a a yau mafi yawansu ƙirar gida ne, da bututun famfo ko sandan sitiyarin tsohuwar mota, kuma babu wanda ya gwada iya matsin da za su ɗauka. A Ingila tun 1637 aka kafa gidan gwajin bindiga a Landan, aka ƙara wani a Bamingam a 1813, inda ake harba kowane bututu da ɗuri mai wuce kima kafin a buga masa hatimi a sayar. Mu kuwa kafaɗar mai saye ce gidan gwajinmu.

Wani maƙerin Bamingam, W. W. Greener, ya bar wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: nauyin bindigar harbin tsuntsu ya kamata ya ninka nauyin darmar da take harbawa sau 96. Ke nan bindiga mai kilo 3 ba ta da haƙƙin ɗaukar abin da ya wuce giram 31. Saurayin da ya cika tafi biyu ya zuba mata, yana ganin ya ƙara mata ƙarfi, shuri ya ƙara wa kansa, ƙwayoyin kuma sukan ƙara warwatsewa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Akwai wasu kurakurai da ke fasa bututu waɗanda ya wajaba kowane mai riƙe da irin wannan bindiga ya sani. Akwai zuba garin harsashin zamani, wanda ba ya hayaƙi, a bindigar toka, alhali matsinsa ya fi ƙarfin bututunta. Akwai barin sarari tsakanin albarushi da darma saboda rashin dannawa sosai. Akwai toshewar baki da laka, abin da ke da sauƙin faruwa ga mai rarrafe a fadama. Akwai ɗura guntayen ƙarfe da ƙwayoyin boris na keke, waɗanda ba sa lotsawa kamar darma, sai su kankare cikin bututun ko su cije. Sai kuma zuba sabon albarushi kai tsaye daga gora alhali da sauran garwashi a ciki. Su ma 'yan bindigar fada da ke ƙawata hawan Sallah, ko da yake ba sa sa darma, gasar wa ya fi ƙara takan kai su ga wuce awo.

Dabarun rage zafin shuri kuwa ba su da tsada. A manna ƙota sosai a lungun kafaɗa, domin wadda aka bar wa rata naushi take yi, wadda aka manna kuwa turi kawai take yi. A kwantar da kunci a jikinta, a karkata gaba, nauyin jiki ya hau ƙafar gaba. Kada a jingina kafaɗa da itace ko gini, don jiki ya sami inda zai ja da baya. Mai harbi daga kwalekwale ya saita ta tsawon jirgin, kada ya harba ta gefe ya kife. Ɗan faifan roba a gindin ƙota yana shanye zafi mai yawa. Sai kunne, wanda ba a cika tunawa da shi ba: ƙarar bindiga takan wuce ma'aunin desibel 140, matakin da ke iya lalata ji a take, shi ya sa tsofaffin maharba da yawa sai an ɗaga musu murya.

Fadamar ta canza

Me ke tura saurayi ya wuce awon ubansa? Amsar tana cikin halin da fadamar kanta ta shiga. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar kogin Haɗeja ya sauya. Wasu wuraren da ruwa ke malalewa ya janye sun bushe, wasu kuma ruwa ya zaune musu shekara cur, kacalla ta mamaye su ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma da Burum Gana. Noman rani ya faɗaɗa, daji ya matse, dabbobi suka ragu, waɗanda suka saura kuma suka ƙara wayo. Maharbin da, wanda ke ɗaura burtu a goshi ya yi rarrafe har ya kusanci nama, ɗan ɗuri kaɗan ya ishe shi. Na yau da ba shi da wannan haƙuri daga nesa yake harbi, sai ya nemi cike gurbin gwaninta da yawan albarushi. Sakamakon shi ne tsuntsaye masu yawa su tashi da rauni su je su mutu a cikin kacalla, babu wanda ya ci, ga kuma alhakin azabtarwa.

Ita wannan fadama ba tamu ba ce mu kaɗai. Agwagi da sauran tsuntsayen ruwa suna ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya su yi hunturu a nan. Saboda su ne Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, aka kuma sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a shekarar 2000, Baturiya ta bi baya a 2008. Ƙwayoyin darmar da suka kuskure nama a cikin laka suke zama, agwagi su haɗiye su a zaton tsakuwa ce, gubar ta kashe su a hankali. Wanda ya ci naman da darma ta farfashe a ciki shi ma yana da rabonsa, musamman ƙananan yara. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da darma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana amfani da ita a dausayi daga 2023. Mu da muka binne yara sama da 400 a Zamfara sanadiyyar gubar darma ta ma'adinai a 2010, ba mu bukatar wani ya zo daga waje ya koya mana illarta.

Suna da takarda

Sauyin ma'anar kalma ma yana iya zama sanadin rai. A da, in aka ce 'yan bindiga, zuciya bayin sarki take tunawa da su, cikin jajayen riguna, suna gaba da dawaki ranar hawa. Yau kalmar ta koma sunan ɓarayin daji. A tsakanin waɗannan ma'anoni biyu maharbi ya tsinci kansa. Shi ne aka nema a 2014 lokacin da maharba suka taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Shi ne kuma aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, inda gungun mutane suka hallaka matafiya 16, maharba da ke kan hanyar komawa Kano daga Fatakwal domin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu.

Dokar Makamai ta 1959 ta ware bindigar da ake ɗurawa ta baki a rukuninta daban, ta ɗora ba da lasinta a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ta kuma hana ƙera bindiga ba tare da izini ba. Amma da yake dokar da Turanci take, kuma ba ta tanadi koyarwa ba, sai maƙeri ya koma ɓoye, maharbi ya koma tsoron takarda. Abin da aka ɓoye kuwa ba ya gyaruwa.

Abin da ya kamata a yi

Kirana na farko ga masarautar Haɗeja ne, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas, kuma tana da sarakunan baka da na maƙera waɗanda maharba ke jin maganarsu fiye da ta kowane jami'i. Ta hannunsu za a iya yi wa maharba rajista, a ba su shaidar da kowane shingen bincike zai gane, a kuma tabbatar kowace bindiga tana da nata ma'aunin albarushi na ƙarfe ko na ƙaho, wanda aka yanka daidai da bututunta, ya maye gurbin tafin hannu. Na biyu ga Gwamnatin Jigawa da rundunar 'yan sanda, su nemi hanyar da doka ta yarda a gwada ƙarfin bututu kafin a ba da lasi, tare da taimakon kwalejojin fasaha da ke jihar, su kuma tsayar da lokutan da aka hana farauta domin dabbobi su hayayyafa.

Na uku a kanmu yake, mu malaman jami'a. Har yau ba mu zauna mun daidaita kalmomin wannan fanni ba. Wani ya ce shuri, wani naushi, wani tokari, kuma babu ɗan littafi ko shirin rediyo da ya bayyana wa maharbi lissafin da na kawo a sama cikin harshen da yake mafarki da shi. A wannan yanki ne Auyokanci da Shiranci da Teshenanci suka mutu, ba su bar mana komai ba sai 'yan kalmomi, kuma duk abin da masu su suka sani game da ruwa da daji ya bi su kabari. Dattawan maharban da suka san awon kowane nama suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, samari kuma sun gaji bindigar ba su gaji awon ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu je mu zauna a gabansu da alƙalami da na'urar ɗaukar magana, mu haɗa abin da suka sani da abin da ma'auni ya tabbatar, mu mayar wa jama'a da Hausa da Badanci da Barbarci da Fulatanci.

Allah Ya kiyaye mana dazukanmu da masu shiga cikinsu, Ya sa shugabanninmu su ji, su kuma aikata.